Aikin Baduku a Kafaɗar Malam

Takarda da alƙalami da tawada, a wurin aiki ba a raba su, amma a kan hanya ba sa ga-maciji da juna. Tawada in ta samu kafa, ko da ta kai ƙwayar gero ce, sai ta bi ta ɓata rubutun da aka yi watanni ana yi. Alƙalamin kara abu kaɗan ke tsaga masa baki. Takarda kuwa ba ta son danshi, ba ta son maiƙo, ba ta son a lanƙwasa ta. Ga shi kuma malamin da ya tashi daga Haɗeja ko Damagaram zai nufi gabas neman karatu, ko gardin da ya fita ci-rani bayan an kai amfanin gona rumbu, tilas ya ɗauki ukun nan a jikinsa, ya yi ta tafiya da su a ƙasa ko a bayan jaki, ƙurar hunturu ta same su, zufar bazara ta same su. Zama ne irin na kishiyoyi: gida ɗaya, amma sai kowacce ta samu ɗakinta ake kwana lafiya. Wanda ya tsara musu gidan nan, ya kuma san yadda za a rataya shi a kafaɗar mutum, shi ne baduku.

An fi sanin baduku da takalmi da laya da kuben wuƙa da kayan doki, kuma duk aiki ne na a-zo-a-gani. Amma ni a ganina inda ake gane gwani a dukanci shi ne gafaka da 'yan rakiyarta, wato gidan alƙalami da igiyar kurtu. Takalmi in bai zauna daidai ba, ƙafa ce za ta yi kanta, ta kuma warke. Gafaka in ba ta zauna daidai ba, Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da ka, izu sittin cif, shi ne zai ji a jikinsa, kuma wannan ba ya warkewa.

Dalili shi ne littafin ƙasarmu ba a ɗinke yake ba. Daga Barno har Timbuktu, littafin hannu warƙoƙi ne a sake, ɗaya bisa ɗaya, ba zare ba gam. Marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan warƙa, don in sun hargitse a iya mayar da kowacce mazauninta. Sakin nan yana da ranarsa: malam zai zaro warƙa biyu ya miƙa wa wannan ɗalibi, ya zaro uku ya ba wancan ya kwafa, littafi ɗaya ya ishi zaure guda. Sai dai abin da ba a ɗinke ba, iska ma tana iya raba shi. Shi ya sa ake matse warƙoƙin tsakanin bango biyu masu tauri, tadarishi ke nan, a naɗe da siririyar igiyar fata wadda sau da yawa za ka ga an ɗaura wuri a ƙarshenta don a soke kada ta warware, sannan a zura duka a gafaka. Aikin da mai ɗinkin littafi ke yi a Alƙahira ko Istanbul, a nan baduku ne ke yin sa, daga waje, ba tare da ya huda ko warƙa ɗaya ba. Takardar ma a da ba ta arha ba ce. Mai tambarin wata uku, irin wadda ake gani a tsofaffin littattafan da ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da gidan tarihi na Jos, daga arewa maso gabashin Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi. Wanda ya sayi irin wannan takarda, ya kuma ƙarar da idonsa a kanta, ba zai kai wa ɗan koyo aikin gidanta ba.

Saboda haka gafakar ƙwarai ba a sayenta a rataye, aunawa ake yi. Malam zai zo rumfa da littafinsa a rungume, a gaisa, a tambayi iyali da almajirai. Baduku ba zai kai hannu ba, don tun safe hannunsa na cikin fata da mai. "Allah ya gafarta Malam, a ɗan daidaita mini shi in ga kaurinsa." Malam ya daidaita warƙoƙin da kansa, ya danne. Sai baduku ya ɗauko zare, ya auna tsawo ya ƙulla, ya auna faɗi ya ƙulla, ya auna kauri ya ƙulla. Zaren nan mai ƙulli uku shi ne dukan lissafin da za ka gani. Sauran yana cikin kan baduku. Ya san takarda tana kumbura da damina ta koma da rani. Ya san sabuwar fata tana saki in ta ɗan sha hannu. Ya san kuma malam zai cusa wasu 'yan takardun addu'o'i da wasiƙu a gefe, ko da yanzu ya ce ba zai cusa ba. In ya matse ta da yawa, duk lokacin da aka zaro littafi sai gefen tadarishi ya goge. In ya sake ta da yawa, warƙoƙi za su riƙa kai da kawowa a ciki duk takun da malam ya yi, har bakinsu ya daddage ya zama gari. Tsakanin matsi da saki bai fi kaurin yatsa ba.

Kafin fata ta iso hannun baduku ta riga ta sha wuya a hannun majemi. An jiƙa ta, an tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, an shimfiɗa ta a kan gungume an kankare, an sa ta a ruwan fatakka ko na kashin kaji don ta yi laushi, sannan ta zauna a ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce ke mayar da ɗanyar fata abin da ba ya ruɓewa. Daga nan a shafe ta da man gyaɗa, a buga, a ja, a shanya. Wanda ya taɓa bi ta majemar Ƙofar Wambai a Kano, hancinsa ya ba shi sauran labarin. Jan launin nan da ido ya saba gani a jikin gafaka daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa da ake nomawa ba don hatsinta ba, sai don jan ɓawon da ke lulluɓe da karanta, wanda in aka jiƙa shi da ruwan kanwa yake sakin launinsa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa jajayen fatun da aka rina da wannan kara har Tarabulus ake kai su. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, saboda santsin fuskarta da ƙarfinta duk da rashin kauri, ta daɗe tana shiga Turai da sunan fatar Maroko, masu ɗinkin littafi a can suna rububinta. Sau da yawa irin akuyar da ta rufe littafin attajiri a Landan ita ce ta rufe na alaramma a Gumel.

Baduku zai ɗaga fatar ya duba ta a hasken rana, yana neman inda wuƙar mahauci ta zarce wajen fiɗa, da tabon kaska, da inda ƙaya ta taɓa kartar akuyar tun tana raye. Sannan ya ja ta nan, ya ja ta can. Fata ba yadi ba ce da ko'ina ƙarfinsa ɗaya. Gadon baya yana da tauri, ba ya miƙewa. Ciki da hammata suna da taushi, suna bin hannu. Jikin gafaka da murfinta daga gadon baya ake fitar da su, gefen ciki a ajiye shi don shafi da geza. Wanda ya yanka maratayi daga fatar ciki, kafin shekara ta zagayo gafakar da ke ƙarƙashin hammata ta sauko ƙugu.

Abin da na fi son kallo a rumfar dukawa shi ne yankan igiyar ɗinki. Ɗinkin gargajiya da fata ake ɗinke fata. Baduku zai ɗauki wani guntu da kai za ka ce shara ne, bai fi tafin hannu ba, ya zagaye shi ya zama da'ira. Sai ya kafa aska a bakinsa ya riƙe ta cik, hannun hagu ne ke juya fatar. Wani siririn abu ja ya fara saukowa yana naɗewa a kan cinyarsa, da'irar tana ƙanƙancewa, shi kuwa yana ta hira da maƙwabcinsa a kan tsadar fata tun bayan layya, da ƙyar yake kallon hannunsa. Kafin da'irar ta ƙare ya samu igiya doguwa, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya jiƙa ta, ya ja ta tsakanin yatsu har lanƙwasarta ta miƙe. Ɗan koyo in ya gwada, ko ta yi kauri nan ta sirance can, ko ta tsinke a tsakiya. Maigida ba zai ɗago kai ba zai ce, "Kai yaro, askar kake turawa. Bar ta a wurinta, fatar za ka kawo mata."

Da wannan igiya ake bin ramukan da basilla ta huda. Kafin a haɗa baki biyu sai an fere su ta ciki an rage musu kauri, don in sun hau juna kada su yi tudu. Ana ɗinki fatar tana da ɗan danshi, in ta bushe sai ta tsuke, ramukan su kama igiyar gam, yayyafi ya rasa hanya. Kusurwoyin ƙasa nan ne gafaka ke fara mutuwa, don nan nauyi ke taruwa, nan kuma take gogar bango da sirdi, shi ya sa gwani ke ninka su. Ciki a shafe shi da farin ƙyalle ko fata mai laushi marar rini, saboda jan karan dafi in ya ji zufa yana iya sauka a kan abin da ya jingina da shi. Murfi kuma ya sauko sosai ya rufe fuska, ya ɗan zarce gefe da gefe, yadda ruwa in ya sauka a kai waje zai gangara. Maɓallinsa ƙullin fata ne da 'yar igiyar da ke kama shi, wanda ake iya ɓallewa da hannu ɗaya.

Maratayi ne ya mai da gafaka abin sawa a jiki, in ba don shi ba da akwati ce kawai. Ba a yin sa da faifan fata guda, kitsa shi ake yi da igiyoyi huɗu ko fiye, ya fito a mulmule. Hikimar kitson ita ce ba ya tsinkewa rana ɗaya. Igiya ɗaya za ta fara cinyewa ta tashi, mai gafaka ya gani, sauran suna riƙe da nauyi har a isa garin da ke da baduku. Kuma gwani ba ya maƙala shi a leɓen gafaka kawai, sai ya saukar da shi ya bi gefenta, ɗinki ya kama shi a wuri mai tsawo, nauyi ya rabu. Tsawonsa ma ba a yi da ka. Littafin Allah ba ya sauka ƙasa da ƙugu, wannan ladabi ne da kowane kolo ya sani, to sai ladabin ya zo daidai da sauƙin tafiya: gafakar da ta zauna a kan haƙarƙari, gwiwar hannu tana danne ta, ba ta lilo, ba ta dukan cinya. In an sauka kuma, da maratayin nan za a sagale ta a ƙusa ko a reshe, nesa da gara da raɓar ƙasa da akuyar da ba ta san darajar takarda ba.

To, ga littafi ya samu wurinsa. Saura wanda ya fi kowa raki.

Alƙalamin allo da na takarda daga gamba ake yanko shi ko siririn kara busasshe. A yanka shi a karkace, a fere gefe biyu har baki ya tsuke, a tsaga shi kaɗan don tawada ta samu hanyar gangarowa, sannan a datse kan. Datsewar nan ita ce komai, domin faɗin bakin shi ne kaurin harafi. Kara ba shi da tsada, kowa na iya feƙe wani, amma ba kowane feƙi ke fitowa daidai da na jiya ba. In alaramma ya canja alƙalami a tsakiyar shafi, mai ido zai nuna maka layin da aka canja. Shi ya sa alƙalamin da ya kama hannu ake lallaɓa shi. Ba kuma guda ɗaya ba ne. Alƙur'anin da ake rubutawa a ƙasar Hausa da Barno bisa riwayar Warshu launi-launi ne: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, alifin da ake sadarwa da koren ɗigo, ga kuri da kumsa da adon kan sura. Kowane launi da alƙalaminsa, don wanda ya sha baƙi in ya shiga ja ya ɓata kurtun gaba ɗaya. Mai rubutu yana tafe ke nan da ɗan dami na alƙaluma, kowanne bakinsa bai fi ƙarfin farce ba, ga kuma askar feƙe su wadda in aka bar ta a cikinsu ita za ta fara yi musu ɓarna.

Kolo da titibiri ba su da wata matsala, nasu a bayan kunne yake ko a soke a hula, in ya karye a feƙe wani. Mai rubutun takarda shi ke bukatar gida. Gidan alƙalami dole ya kasance mai ƙashi, abin da ba ya lotsewa ko an jingina da shi, don haka ana samun gaɓar gora mai rami, ko a naɗa ɗanyar fata a jikin sanda a bar ta ta bushe ta ƙandare a zare sandar. A kan wannan ne baduku ke ja wa jar fata jiƙaƙƙiya, yadda yake yi wa kube, ya ɗinke ta baya inda ido ba ya zuwa, ta bushe ta lafe ba ko tattara. Ana cusa 'yar auduga a gindi. Alƙaluma su shiga baki sama, don kada nauyinsu ya hau kan abin da ake tsarewa, murfi kuma a bar masa sarari kada ya taɓa su. Murfin da ya fi burge ni shi ne mai zamewa a kan igiya: igiyar ratayar ta ratsa ta cikinsa, in ka ja shi sama ya buɗe, in ka sake shi ya koma, ba ya faɗuwa balle a manta shi a masaukin jiya. Aska a yi mata nata ɗan kube a gefe. In an gama, baduku zai zuba alƙaluman ya rufe ya girgiza a kusa da kunnensa. In ya ji ƙwaram-ƙwaram, aiki bai ƙare ba.

Kurtu shi ba ya shiga gafaka ko da wasa. Ɗan ƙaramin duma ne da aka bari ya bushe, aka yanke masa baki aka ƙwaƙule cikinsa. Aikin baduku a nan kaɗan ne amma ba a raina shi: ya ɗaure masa wuya da igiyar da ba za ta suɓuce ba, ya daidaita ta yadda kurtun zai rataya a tsaye ko da mai shi ya sunkuya, a toshe bakin, a rataye shi daban, ƙasa da littafi. Tawadar allo da zuge da ƙaro ake yin ta, ruwa yana wanke ta, kuma alherinta ga matafiyi shi ne ko ta bushe a kurtu, in an isa masauki aka ɗiga ruwa aka motsa sai ta farfaɗo. Ta takarda, yambari, ita ce abin tsoro. Da bagaruwa da kashin maƙera ake haɗa ta, kuma in ta kama ta kama. Abin sha'awa, baƙin da baduku ke zana wa fata, kuloko, shi ma haɗuwar ƙarfe ne da bagaruwar da fatar ta sha a majema. Abu ɗaya ne malam ke rubutu da shi a takarda, baduku ke rubutu da shi a fata. Saboda haka baduku ya fi kowa sanin abin da ɗigon yambari zai yi wa jar gafaka, shi da ko basilla ya manta a kan jiƙaƙƙiyar fata sai ya tarar ta bar masa baƙin tabo. Wannan ne ma ya sa ba ya son maɓallin ƙarfe a aikinsa.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba, kuma yadda wasu suka warware ta yana ƙara fito da tamu. Magatakardan Daular Usmaniyya ta Istanbul a da suna da divit: dogon bututu na tagulla ko azurfa da ake zuba alƙaluma, da 'yar tukunyar tawada manne a ƙarshensa. Soke shi ake yi a ɗamara, tukunyar ta tokare kada ya zame, a cikinta kuma an cusa zaren siliki ya shanye tawadar don kada ta zube. Mutanen Japan suna da yatate tun zamanin Kamakura, tsakanin 1185 da 1333, mai kama da lofe: burushin rubutu a cikin mariƙin, auduga mai jiƙe da tawada a cikin kan, shi ma a ɗamara ake soke shi. Mawaƙinsu Basho ya ambaci nasa a labarin doguwar tafiyar da ya fara a 1689. Dukansu biyu sun haɗa alƙalami da tawada a jiki ɗaya, sun dogara da ƙarfe da ɗamara. Malamin ƙasar Hausa kuwa babbar riga yake sawa, ba ɗamarar da zai soke wani abu, sai kafaɗa da wuya da babban aljihun ƙirji. Tufafin mutum su ke faɗa wa mai sana'a inda zai rataya masa kaya. Ba zan ce namu ya fi nasu ƙawa ba, divit na azurfa abin kallo ne. Amma su ba su da ɗaruruwan warƙoƙi a sake da za su tsare a jiki ɗaya da tawada, kuma kayansu in ya lotse sai an nemo maƙeri, namu kuwa duk kasuwar ƙauye akwai mai gyara shi.

Ado yana zuwa a ƙarshe, kuma ba shi da yawa a gafakar malamai. Layuka ne da ake dannawa da bakin ƙarfe marar kaifi fatar tana da danshi, da baƙin kuloko a gefe. Wani lokaci a yanka fuskar jar fatar sama-sama a ɓare, farin cikinta ya fito ya zama zane, ko a huda ƙananan tagogi a shimfiɗa koriyar fata a ƙarƙashi, wadda ake samun launinta daga ɓarɓashin tagulla, mai tsada ce shi ya sa ake tsakurarta. Kayan doki ake cika wa ado har ido ya gaji. A nan gwani yakan ja hannunsa.

Biro ya sauya abubuwa da yawa. Tun da László Bíró ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, kamfanin Bic kuma ya fito da nasa mai arha a 1950, alƙalami ya haɗiye kurtunsa, ya koma aljihun gaba. Amma tsohuwar rigimar ba ta mutu ba, duk wanda biro ya taɓa yi wa amai a aljihun farar shadda ranar ɗaurin aure ya san haka. A Amurka wani injiniya, Hurley Smith, ya samu rajistar wata 'yar rigar aljihu a 1947 don maganin wannan. A nan tela ne ya gaji aikin: siririn layin nan da yake ɗinkawa a gefen aljihun kaftani, daidai kaurin biro ɗaya, don ya tsaya a tsaye kada ya kwanta ya huda yadi. Telan da ya san aikinsa yana auna zurfin da biron da ke aljihunsa, ya kuma ninka gindin.

Gafaka dai ba ta tafi ko'ina ba. Alƙur'anan da marubuta irin su Sharu Bala Gabari na Kano suka rubuta da hannu, aka ɗauki hotonsu aka buga da yawa, a warƙoƙi ake sayar da su, don haka har gobe suna neman gida. Abin da ya sauya shi ne abin da ake yin gidan da shi. Kasuwa ta cika da na ledar roba da kwali, an bi da keken ɗinki, an liƙa da gam. Ba na zargin mai saye, almajiri da me zai sayi fatar akuya, ita da kamfanonin jima ke kwashewa su fitar waje? Sai dai a san abin da aka saya. Roba ba ta numfashi, danshin da ya shiga ba ya fita, kuma in hunturu ya busa sai ta tsattsage a wurin naɗi. Ramin allurar keke a jere yake kusa da kusa, wuri ɗaya in ya ɓalle sai ya bi layi.

Mai neman ta ƙwarai a kasuwar Kurmi ta Kano ko a wurin dukawan Sakkwato da Damagaram, ya fara da hanci, don fatar bagaruwa tana da ƙanshinta. Ya juya gafakar ya duba kusurwoyin ƙasa kafin ya kalli zanen murfi. Ya sa yatsa a ciki ya bi ɗinkin, in ya ji tudu ko ƙulli to warƙa ma za ta ji. Ya ja maratayi da ƙarfi a gaban mai ita, gwani ba zai ɓata rai ba. In ya saya, ya riƙa shafa mata ɗan mai a waje da farkon hunturu, kaɗan, littafin yana waje har ta shanye. Ruwa in ya taɓa ta a shanya a inuwa, rana tana ƙandarar da ita. Maratayi ne zai fara gajiya, kuma baduku ya san da haka tun ranar da ya ɗinka shi, shi ya sa ɗinkinsa daban yake da na jikin gafaka: a warware wuri biyu, a kitsa sabo, a mayar ta ramukan da basilla ta huda tun farko.